Yadda ake koya wa 'yan firamare gane babba da ƙarami a lambobin kaso da na ɗigo

Tambaya ɗaya ce malaman aji huɗu zuwa shida da iyayen yara suke ta maimaita mini. Yaro ya iya tarawa, ya iya ɗebewa, ya haddace sau-sau har goma sha biyu, amma da an ajiye masa 1/4 da 1/8 aka ce wanne ya fi girma, sai ya dangwala yatsa kan 1/8 ba ko ɗar. A ba shi 0.8 da 0.75, ya ce 0.75 ce babba, ai saba'in da biyar ta fi takwas. Ta ina ake ɓullo wa wannan?

Yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Shekara uku ko huɗu ana nanata masa cewa takwas ta fi huɗu, doguwar lamba ta fi gajera, ya kuwa kama. Yanzu ya ɗauko dokar da ta saba fisshe shi ya kawo ta inda ba ta ci. Ɗora masa wata sabuwar doka a kan tsohuwar ba ya magani. Sai ya ga girman kowace lamba da idonsa, ya riƙe ta a hannu, ya san inda take zaune tsakanin sifili da ɗaya, sannan doka ta biyo baya. A kan haka na jera matakan nan, kuma jerin yana da muhimmanci. A aji mai darasin lissafi kullum, ka ware musu mako uku zuwa huɗu.

Kayan aiki

Yawancinsu a bola ake tsintar su: tsohuwar kalanda, kwalin da masu shago suka yar, karan dawa madaidaita, igiyar shanya mai tsawon mita biyu ko fiye. Abin da za ka sa kuɗi ka saya kaɗan ne: farin kwali biyu ko uku, maka baƙa da ja, almakashi, rula mai santimita 30, da tef irin na tela. Kowane yaro kuma yana buƙatar littafin lissafi mai gida-gida, ko aƙalla falle ɗaya daga ciki. In an ba ka kuɗin sayen abu ɗaya tak, sayi tef ɗin tela. Za ka ga dalili a mataki na 7.

1. Ka gwada su kafin ka koyar

Rubuta waɗannan a allo, biyu-biyu, ka ce kowa ya zagaye wadda ta fi girma, in kuwa daidai suke ya sa alamar daidai:

1/4 da 1/8
3/4 da 5/6
0.8 da 0.75
0.4 da 0.45
0.7 da 0.07
0.6 da 0.60
1/4 da 0.4

Minti goma ya isa. Kada ka sa maki. Ka karɓi takardun ka kasa su gida-gida bisa irin kuskuren. Wanda ya zaɓi 1/8, 0.75 da 0.60, shi ne mai ganin duk lambar da ta fi yawa ko tsawo ita ce babba, kuma irinsa sun fi yawa. Wanda ya ci 0.8 amma ya ce 0.4 ta fi 0.45, nasa ciwon daban ne: ya ji an ce kashi ɗari ya fi kashi goma ƙanƙanta, sai ya yanke cewa gajerar lamba ce babba kullum. Wanda ya ce 3/4 da 5/6 daidai suke, ya lura cewa kowanne saura ɗaya ya cika, bai tambayi girman ɗayan da ya rage ba. Wanda ya ce 1/4 daidai take da 0.4, huɗun kawai ya gani.

Hattara: in ka ba da irin 0.3 da 0.58 kaɗai, mai bin tsawon lamba zai cinye duka, ka tafi gida kana murna alhali bai gane komai ba. Dole a cikin tambayoyin a sami waɗanda gurguwar doka za ta faɗi a kansu. Ka adana takardun, za ka neme su daga baya.

2. Abu guda, rabo daidai

Kawo kara biyu, dogo da gajere. Karya dogon gida huɗu daidai, gajeren gida biyu. Ɗaga rubu'in dogon da rabin gajeren ka tambaya: wanne ya fi, rabi ko rubu'i? Za a yi musu, ka bar su su yi. Abin da kake so ya fito daga bakinsu shi ne, ai Malam karan ba ɗaya ba ne. Shi ke nan darasin: ba a gwada kaso biyu sai an tabbata daga abu mai girma ɗaya aka yanko su.

Sannan karya wani karan gida uku, ɗaya dogo biyu gajeru, ka ce ga sulusi. In ba wanda ya yi maka gardama, kada ka wuce wannan mataki.

3. Ziri bakwai

Nan ne gindin aikin, nan za ka fi daɗewa. A yanka takardar kalanda ziri-ziri, kowane ziri tsawon santimita 30 cif, faɗin yatsa biyu. In aji ya cika maƙil, ba sai kowa ya samu nasa ba, kowane benci ya sami ziri takwas: ɗaya a bar shi cikakke a rubuta masa 1, bakwai a rarraba.

Rabi, rubu'i da sumuni ninkewa ake yi: a ninke sau ɗaya an sami biyu, a ƙara an sami huɗu, a ƙara an sami takwas. Ka bari yaran su ninke da hannunsu, kuma kafin su buɗe ninki na uku ka tambaye su gida nawa za su gani. Da yawa za su ce shida. Su buɗe su ƙirga. Sauran kuwa da rula: sulusi (1/3) santimita 10, humusi (1/5) 6, sudusi (1/6) 5, ushuri (1/10) 3. A kowane gida a rubuta sunansa da lamba, 1/3, 1/3, 1/3, haka har ƙarshe. Naka na bango ka yi shi da farin kwali, tsawon santimita 60, domin na bayan aji su gani: rabi 30, sulusi 20, rubu'i 15, humusi 12, sudusi 10, sumuni 7.5, ushuri 6. A jera su ɗaya ƙarƙashin ɗaya, bakinsu na hagu a daidaice.

Sunayen nan ba baƙi ba ne ga yaran da ke zuwa makarantar allo ko Islamiyya. Sun san izu ana kasa shi sumuni takwas, sun san wanda ya kai rubu'in izu ya wuce wanda ke sumunin farko. Manyan cikinsu sun taɓa jin cewa a rabon gado mace tana samun rubu'i in mijin bai bar ɗa ba, sumuni in ya bari, kuma kowa ya san samuwar 'ya'ya rage mata rabo take yi, ba ƙarawa ba. Ka yi amfani da wannan sani. Yaron da ya ce 1/8 ta fi 1/4 a takarda, in ka tambaye shi da baki tsakanin sumuni da rubu'i wanne ya fi yawan karatu, da wuya ya kuskure. Aikinka ka nuna masa cewa abin da ya sani da ka, shi ne wannan da ke rubuce.

Ka bi tambayoyin a wannan jeri. Fara da masu ɗaya a sama: 1/3 da 1/5, 1/6 da 1/4. Kowace amsa sai an ɗora ziri kan ziri an gani. Tambayar da za ka riƙa maimaitawa ita ce: rake ɗaya, ku uku ko ku biyar, a ina za ka fi samu? Daga nan masu lambar ƙasa ɗaya, 3/8 da 5/8, waɗannan ba sa wahala, gutsattsarin girmansu ɗaya, wanda ya fi yawa ya fi. Sai masu lambar sama ɗaya, 3/4 da 3/8: uku-uku ne duka, amma ukun wa ya fi ƙiba?

Hattara: kada ka ce musu "in lambar ƙasa ta fi girma, kason ya fi ƙanƙanta" su haddace. Za su kama, gobe su ce maka 1/2 ta fi 7/8 tunda takwas ta fi biyu. Maganar gaskiya ce kawai in lambar sama ɗaya ce. Abin da lambar ƙasa ke faɗa shi ne girman gutsure ɗaya, ta sama kuma ta faɗi guda nawa aka ɗauka. Dole a duba biyun.

Alamomin > da < kuwa, kada ka haɗa koyon su da wannan. A mako na farko su zagaye babbar kawai, ko su faɗa da baki. Daga baya ka tuna musu cewa buɗaɗɗen gefen yana fuskantar babba.

4. Ya kai rabi?

Wannan dabara malamai da yawa suna tsallake ta, ni kuwa a ganina ta fi duk sauran amfani a rayuwa. Kafin a taɓa biro, yaro ya tambayi kansa: wannan kason ya kai rabi ko bai kai ba? Ɗauki 3/8 da 4/7. Rabin takwas huɗu ne, uku bai kai ba. Rabin bakwai uku da rabi ne, huɗu ya wuce. An gama, 4/7 ya fi, ba a ninka komai ba.

Raba allo gida uku: kusa da sifili, kusa da rabi, kusa da ɗaya. Ka riƙa kiran kaso, yaro ya fito ya rubuta shi inda ya dace, 1/10, 5/12, 9/10, 4/9, 7/8. Minti biyar a farkon kowane darasi ya wadatar.

A nan ne kuma za ka warware matsalar 3/4 da 5/6. Su ɗora ziri biyun, su duba giɓin da ya rage kowanne ya cika. Na farko saura rubu'i, na biyu saura sudusi. Wane giɓi ne ya fi ƙanƙanta? Sudusi. To wa ya fi kusa da cika? Ka jarraba su da 7/8 da 9/10 ba tare da ziri ba. Wanda ya ce 9/10 kuma ya faɗi dalili, ya fara tunanin da ake nema.

5. Daidaita lambar ƙasa

Akwai waɗanda rabi ba ya raba gardamarsu, kamar 2/3 da 3/5: duka sun wuce rabi, kuma a ziri bambancin ɗan ƙanƙani ne. Kafin ka kai nan, su fara gano masu daidai a jikin zirin bango. Aza rula a tsaye a ƙarshen rabi, su karanto abin da ya faɗo kan layin: 2/4, 3/6, 4/8, 5/10. Su da kansu za su lura cewa sama da ƙasa ake ninkawa da lamba ɗaya.

Sannan ka zana murabba'i mai tsawo guda biyu masu girma ɗaya. Na farko ka raba shi uku a tsaye ka shafe biyu, na biyu ka raba shi biyar a kwance ka shafe uku. Yanzu raba na farko shi ma gida biyar a kwance, na biyu kuma gida uku a tsaye. Kowanne ya koma gida 15. A ƙirga: 10 a na farko, 9 a na biyu. Ga 10/15 ga 9/15, magana ta ƙare. Bayan sun yi irin wannan zane sau da yawa ne za ka kawo neman ƙaramar lambar da duka biyun ke shiga cikinta ba saura, wadda littafinsu ke kira LCM.

Hattara: ninkawa a gicciye, wato 2 sau 5 da 3 sau 3, tana ba da amsa daidai kuma da sauri, shi ya sa masu shirya yara jarrabawar shiga sakandare ke son ta. Amma in ta zo da wuri, yaro ya daina kallon girman kaso, kuma rabinsu kan manta wane gefe za su rubuta wace amsa. Ka ajiye ta sai aji shida, ka kuma nuna musu cewa 10 da 9 ɗin nan su ne dai gidajen da suka ƙirga a zane.

6. Daga ushuri zuwa ɗigo

Kada ka gabatar da lambar ɗigo a matsayin sabon babi. Ɗauko zirin ushuri, wanda suka riga suka sani, ka ce yau za mu koyi wata hanyar rubuta shi. A ƙarƙashin 1/10 rubuta 0.1, ƙarƙashin 2/10 rubuta 0.2, har 9/10. Ka tsaya ka tambaya me zai biyo bayan 0.9. Za ka ji "sifili ɗigo goma". Nuna musu cewa zirin ya cika, ushuri goma ɗaya ne, 1.0. Wannan tambaya kaɗai ta cancanci rabin darasi.

Ɗora zirin rabi da na humusi kan na ushuri, su gano 1/2 ita ce 0.5, 1/5 ita ce 0.2, 3/5 ita ce 0.6. Mai cewa 1/5 daidai take da 0.5 a nan yake warkewa, domin yana ganin humusi bai ko kusa da tsakiya ba.

Malaman Nijar, inda ake bin tsarin Faransa, waƙafi suke sawa a maimakon ɗigo, 0,5. Ban da wannan komai ɗaya ne.

7. Gida ɗari da tef ɗin tela

Kowane yaro ya zagaye gida goma a tsaye, goma a kwance a littafinsa mai gida-gida. Wannan murabba'in shi ne ɗaya. Layi guda 0.1, ƙaramin gida guda 0.01. Su zana biyu, a ɗaya su shafe 0.8, a ɗayan 0.75. Layi takwas cikakku a nan, layi bakwai da rabi a can. Ba sai ka yi dogon bayani ba, gani ya kori ji. Su yi haka da 0.4 da 0.45, da 0.7 da 0.07, da 0.6 da 0.60, wato tambayoyin ranar farko.

Sai tef. Manna shi a bango daga sifili zuwa santimita 100, ka ce wannan mita ɗaya ce. Yaro ya fito ya sa yatsa kan 0.8 na mita, wani kan 0.75, wani kan 0.08. Na ƙarshen zai ga kansa can kusa da sifili, a santimita 8, abokinsa na kan 80. Ga 'yan aji biyar da shida ka ƙara da 0.125, wadda ke tsakanin santimita 12 da 13, su gwada ta da 0.5. Lamba mai tsawo har uku, ga ta ko rubu'in hanya ba ta kai ba.

Hattara: tef ɗin tela fuska biyu gare shi. Fuskar inci ba goma-goma aka raba ta ba, yawanci takwas-takwas ce, saboda haka ba ta yi wa lambar ɗigo. Amma kada ka raina ta, ta yi wa mataki na 3 sosai: inci uku da rabi, da kwata, da sumuni uku, duk suna nan a zane.

Yadda ake karantawa ma yana gyara ko ya ɓata. In kana cewa "sifili ɗigo saba'in da biyar", kai ne ke shuka kuskuren da kake yaƙi da shi, domin kunnen yaro saba'in da biyar ya ji. Ka ce sifili ɗigo bakwai biyar, ko saba'in da biyar bisa ɗari. Da Turanci ma haka, lamba ɗai-ɗai bayan ɗigo. Ka yi bayanin da Hausa har ya zauna, sannan ka ba su sunayen da za su tarar a takardar jarrabawa.

Yanzu doka tana iya shigowa. A rubuta lambobin ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ɗigo saitin ɗigo, a fara dubawa daga hagu. Gurbin farko da suka bambanta, shi ya yanke hukunci, abin da ke bayansa ba ya canza komai. Cike gurbi da sifili, a mai da 0.8 ta zama 0.80, dabara ce mai kyau, amma sai sun shafe gidaje sun ga layi takwas shi ne gida tamanin. In ba haka ba, wani zai sa sifilin a gaba ya rubuta 0.08 yana ganin duk ɗaya ne.

Naira da kwabo fa? Suna taimakawa, tunda kwabo ɗari ke yin naira, amma da sharaɗi biyu. Yaran yanzu ba su taɓa sayen komai da kwabo ba, sai dai su gan shi a saƙon banki a wayar iyayensu. Kuma kuɗi kullum gurbi biyu yake da shi bayan ɗigo, saboda haka in ka ba yaro 0.5 yana iya ce maka kwabo biyar. Ni na fi son tef ya riga, kuɗi ya biyo.

8. Kowa a kan igiya ɗaya

Ɗaure igiya daga taga zuwa taga. Rataya katin 0 a hagu, 1 a dama, 1/2 a tsakiya. Katunan ka yanke su daga kwali ka ninke biyu, su rataya da kansu ba sai da abin maƙalewa ba. Lambobin kaso da jar maka, na ɗigo da baƙa. Raba wa yara, kowa ya fito ya rataya nasa ya faɗi dalili, aji su yarda ko su ƙi. In kati biyu suka faɗa wuri ɗaya, kamar 3/4 da 0.75, a ɗora ɗaya kan ɗaya. A nan ne yaro ke gane cewa ba ƙabila biyu ba ne, lamba ɗaya ce da rubutu biyu.

Waɗanda ya kamata su zauna a ka ba su da yawa: 1/2 da 0.5, 1/4 da 0.25, 3/4 da 0.75, 1/5 da 0.2, 1/10 da 0.1, sai 1/8 da 0.125 ga manya. Sauran a raba ta sama da ta ƙasa, ko a mai da ƙasan goma ko ɗari in tana komawa.

Hattara da rabawar: 3/8 uku ne ake rabawa gida takwas, a sami 0.375. Yara kan juya ta su raba takwas da uku saboda sun saba babba ake rabawa, su kawo maka biyu da ɗoriya. Ka tambaye su: 3/8 ya kai ɗaya? To ya aka yi amsarka ta wuce biyu? Sulusi kuma ka bar shi daga ƙarshe, ka bari su yi ta rabawa su ga ukun ba ta ƙarewa. Sannan ka ba su 1/3 da 0.3. Gida talatin ne a ɗaya, talatin da uku da ɗan guntu a ɗayan.

Aikin rufe wannan mataki: su jera 3/5, 0.58, 5/8, 0.7, 2/3 daga ƙarama zuwa babba. Amsar ita ce 0.58, 3/5, 5/8, 2/3, 0.7.

9. Sake gwaji, da rabon iyaye

Bayan mako biyu da gamawa, ba washegari ba, ka sake ba su irin tambayoyin farko da wasu lambobi, ka ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin kowace: me ya sa? Ɗauko tsofaffin takardun ka gwada. Wanda tsohon kuskurensa ya dawo, kada ka ƙara masa tarin aikin gida. Mai da shi matakin da ya dace da ciwonsa: mai ruɗewa a lambar ƙasa ya koma ziri, mai bin tsawon lamba ya koma gida ɗari.

Iyaye kuwa ba sai sun iya lissafin boko ba. In ana auna hatsi, uwa ta tambayi ɗiyarta rabin mudu da sulusin mudu wanne ya fi, ta kuma ba ta ta auna ta gani. In an je wurin tela, yaro ya riƙe tef ya karanto awon da kansa. In uba zai fitar da zakkar amfanin gona, ya tambayi ɗansa tsakanin ushurin da ake fitarwa a noman damina da rabin ushurin noman rani na ban-ruwa, wanne ne 0.1 wanne ne 0.05, kuma a buhu ashirin kowanne buhu nawa ya kama. Na farko biyu, na biyu ɗaya.